BUƊAƊƊEN LASIN: YADDA GWAMNATOCIN DUNIYA SUKA SAKAR WA JAMA'A TAKARDUNSU

Kowace Gwamnati a duniya babbar marubuciya ce. Ba ranar da za ta fito ta faɗi ba a rubuta wani abu da sunanta ba: dokoki, da rahoton Ministoci, da lissafin kuɗin baitulmali, da ƙidayar mutane da ta dabbobi, da taswirar ƙasa, da awon ruwan sama, da littattafan makaranta. Duk wannan aiki kuwa da kuɗin haraji ake yinsa. To, in haka ne, wa ke da ikon ya kwafi waɗannan takardu, ko ya fassara, ko ya buga ya sayar? Malamin makaranta yana da halin ya buga taswirar Gwamnati ya raba wa almajiransa ba tare da ya nemi izini ba? A ƙasashe da yawa, har zuwa farkon wannan ƙarni, amsar da doka ke bayarwa ita ce a'a. Maƙasudin wannan ɗan littafi shi ne a bayyana yadda aka sake wannan amsa, da amfanin da aka samu, da kuma wahalolin da suka rage.

ASALIN HAƘƘIN MALLAKA

A cikin shekara ta 1710, zamanin Sarauniya An, Majalisar Dokokin Ingila ta kafa doka wadda ta ba mawallafi ikon hana kowa buga littafinsa har shekara 14, in kuma wa'adin ya cika yana da rai a ƙara masa waɗansu 14. Wannan shi ne abin da ake kira haƙƙin mallaka. A shekara ta 1886 waɗansu ƙasashe suka taru a birnin Bern na ƙasar Siwizalan, suka ƙulla yarjejeniya a kan kowace za ta kare haƙƙin mawallafan 'yan'uwanta. Yau kusan dukan ƙasashen duniya suna cikin wannan yarjejeniya.

Akwai abu guda a cikinta wanda ya kamata mai karatu ya riƙe, gama shi ne tushen dukan wannan magana. Bisa ga yadda aka gyara ta daga baya, haƙƙin mallaka yana tabbata da zarar an rubuta abu, ko an yi rajista ko ba a yi ba, ko an sa alama ko ba a sa ba. Watau ke nan in mutum ya tsinci takarda ba a rubuta kome game da izini a jikinta ba, shirun mai ita ba ya zama yarda. A wurin shari'a ƙofa a kulle take sai mai ita ya ce ya buɗe.

HANYAR INGILA DA HANYAR AMURKA

Yarjejeniyar Bern ta bar wa kowace ƙasa ta zaɓi yadda za ta yi da dokokinta da takardun mulkinta. Ingila ta bi hanya ɗaya. Dokarta ta 1911 ta ce abin da aka wallafa bisa umarnin Gwamnati na Sarauta ne, ba mai buga shi sai da izini. Ƙasashen da Ingila ta mulka, kamar su Ostareliya, da Niyu Zilan, da Kanada, da Indiya, da Nijeriya, duk sun gaji wannan tsari ko makamancinsa.

Amurka ta bi wata hanya dabam. Tun shekara ta 1895 dokarta ta hana a ɗora haƙƙin mallaka a kan abin da Gwamnatin Tarayya ta buga, dokar 1976 kuma ta sake ƙarfafa wannan. Amma fa hanin bai kai ga jihohi ba. Saboda haka ne Jihar Jojiya ta yi ƙarar wata ƙungiya da Carl Malamud ya kafa, domin ta sa kundin dokokin jihar da sharhinsa a intanet kyauta. Shari'a ta kai har Kotun Ƙoli, a shekara ta 2020 alƙalai 5 daga cikin 9 suka yanke hukunci cewa abin da masu yin doka suka rubuta a bakin aikinsu ba mai mallakarsa.

A zamanin da sai an sayi takarda da tawada, an biya masu ɗab'i, kafin rahoto ya isa hannun mutane, ba a ganin laifin Gwamnati in ta sayar. Har ma a Ingila aka ɗora wa waɗansu ma'aikatu nauyin ciyar da kansu daga cinikin abin da suka tattara. Ma'aikatar duba yanayin sama ta shiga wannan tsari a 1996, ma'aikatar safiyo kuma a 1999. Amma da intanet ta yaɗu, sai ya zama kwafi na miliyan bai fi kwafi na biyu tsada ba. Nan fa mutane suka fara tambaya, don me za a biya sau biyu, a biya da haraji sa'an nan a biya a kanti? A shekara ta 2006 jaridar Guardian ta Ingila ta ɗauki wannan kuka ta yi ta nanatawa, har maganar ta kai kunnen mahukunta.

MENE NE BUƊAƊƊEN LASIN?

Kowa ya san lasin, wanda waɗansu ke kira lasisi, irin na tuƙin mota ko na riƙe bindiga. Mutum yakan tafi ofis, ya cika takarda, ya biya kuɗi, a ba shi izini da sunansa shi kaɗai. Buɗaɗɗen lasin ya saɓa wa wannan ta fuska uku. Sau ɗaya ake rubuta shi, domin kowa da kowa. Ba a neman sa a ofis, gama yana manne da takardar tun daga fitowarta. Ba a kuma biyan ko kwabo. Mai abu bai rabu da mallakarsa ba, sai dai ya yi shela cewa ya yarda a kwafa, a fassara, a gyara, a rarraba, muddin an kiyaye sharuɗɗan da ya ambata. Misalinsa kamar mutumin da ya haƙa rijiya a bakin hanya, ya ce kowa ya ɗiba. Rijiya tana nan tasa. Bambancin kawai shi ne ruwan wannan rijiya ba ya raguwa komai yawan masu guga.

Waɗanda suka fi shahara wajen tsara irin wannan lasin su ne wata ƙungiya mai suna Creative Commons, wadda wani shehun malamin shari'a, Lawrence Lessig, da abokan aikinsa suka kafa a Amurka a shekara ta 2001. Sun fitar da kashin farko a watan Disamba na 2002, kashi na huɗu kuma a 2013. Sharuɗɗa huɗu suka tanada, mai abu ya zaɓi waɗanda yake so:

1. A ambaci sunan mai abu. Alamarsa BY.
2. Wanda ya gyara abu ya fitar da sabo, shi ma ya sake shi bisa wannan lasin ɗin. Alamarsa SA.
3. Kada a yi ciniki da shi. Alamarsa NC.
4. Kada a sāke shi, a rarraba shi yadda yake. Alamarsa ND.

Daga harhaɗa waɗannan aka sami lasin iri 6. Masana wannan fanni ba su lissafa masu sharaɗi na uku da na huɗu cikin buɗaɗɗu na sosai, domin wanda aka hana shi fassara ko sayarwa an ɗaure masa hannu ɗaya. A shekara ta 2009 ƙungiyar ta ƙara wata takarda mai suna CC0, wadda da ita mai abu ke yafe haƙƙinsa duka iyakar abin da doka ta yarda. Akwai kuma wata ƙa'ida mai nauyi: lasin ɗin Creative Commons ba ya janyuwa. Wanda ya karɓi kwafi bisa izini, izininsa yana nan ko da mai abu ya sake shawara gobe.

ƘASASHEN DA SUKA FARA

Ostareliya tana cikin na gaba-gaba. Ma'aikatar ƙididdigarta ta daina karɓar kuɗi a kan alƙaluman da ke intanet a 2005, ta kuma ɗora musu lasin CC BY a ƙarshen 2008. A 2009 Gwamnati ta naɗa kwamiti ƙarƙashin Nicholas Gruen, kwamitin ya ba da shawara a mai da wannan lasin ya zama shi ne ƙa'ida. A watan Mayu na 2010 aka fitar da takardun kasafin kuɗin ƙasar bisa gare shi.

Shekara ta 2010 ita ce shekarar da abin ya kankama. A cikinta Gwamnatin Holan ta buɗe babban shafinta na intanet bisa CC0. A cikinta Majalisar Ministocin Niyu Zilan ta amince da wani tsari mai suna NZGOAL, wanda ya shawarci ma'aikatu su saki takardunsu da CC BY in ba akwai dalilin hanawa ba. A cikinta kuma Ingila, ƙasar da ta haifi haƙƙin Sarauta, ta juya. Firayim Minista Gordon Brown ya riga ya gayyato Tim Berners-Lee da Nigel Shadbolt a 2009 su ba da shawara. A watan Janairu na 2010 aka buɗe rumbun alƙaluman Gwamnati, a Afrilu ma'aikatar safiyo ta saki wani kashi na taswirorinta kyauta, a ƙarshen Satumba kuma Ma'aikatar Ajiye Takardun Tarihi ta Ƙasa ta fitar da Buɗaɗɗen Lasin na Gwamnati, wanda ake taƙaitawa OGL. An sabunta shi a 2013 da 2014.

Daga nan sai ƙasashe suka yi ta bi. Faransa ta fitar da nata a watan Oktoba na 2011, ta kuma ƙarfafa shi da doka a 2016. Koriya ta Kudu ta fitar a 2012, Jamus da Kanada a 2013, Indiya a 2017. Japan ta gyara ƙa'idodin shafukan Gwamnatinta a 2015 don su dace da CC BY. Tarayyar Turai ta kafa doka a kan sake amfani da takardun hukuma tun 2003, ta gyara ta a 2013, ta sabunta ta a 2019. A wannan sabuntawa aka ware fanni 6 waɗanda tilas a sake su kyauta: taswira, da bayanin ƙasa da muhalli, da yanayin sama, da ƙididdiga, da rajistar kamfanoni, da harkar sufuri. Manyan hukumomin duniya ma ba a bar su a baya ba. Bankin Duniya ya saki alƙalumansa a 2010, ya kuma ɗora CC BY a kan littattafan bincikensa a 2012.

NA GIDA KO NA KOWA?

Mai karatu zai lura ƙasashen nan sun rabu biyu. Waɗansu sun ɗauki lasin ɗin Creative Commons yadda yake, waɗansu sun rubuta nasu. Masu rubuta nasu suna da hujja. Lauyoyin Gwamnati sun fi natsuwa da takardar da aka tsara da harshen ƙasarsu bisa dokar ƙasarsu. Har wa yau, a Turai akwai wani haƙƙi na musamman a kan tarin alƙaluma, wanda kashin farko na Creative Commons bai warware shi sosai ba sai a kashi na huɗu.

Amma yawan lasin yana da tasa illa. Alal misali, mai bincike yana so ya haɗa alƙaluman ruwan sama na ƙasa goma a taswira guda. In kowace ƙasa da nata sharaɗi, sai ya karanta takarda goma, wataƙila kuma ya tarar sharaɗin wannan ya ci karo da na waccan, aiki ya tsaya. Don gudun haka ne Ingila da Faransa suka rubuta a cikin nasu cewa ya dace da CC BY. Hukumar Tarayyar Turai kuwa a 2019 ta ɗauki CC BY ɗin kansa domin takardunta.

AMFANIN DA AKA GANI

Misali mafi bayyana shi ne na Landsat, taurarin ɗan Adam da Amurka ta fara harbawa a 1972 don ɗaukar hoton doron ƙasa. Shekara da shekaru ana sayar da hotunan, har hoto guda ya kai Dala 600, kuma a shekarar da ciniki ya fi kyau abin da aka sayar bai wuce wajen 25,000 ba. A 2008 aka mai da su kyauta. Cikin shekara guda aka ɗebi fiye da miliyan ɗaya. Ashe masu bukata suna nan tun dā, kuɗi ne ya tsare su. Da irin waɗannan hotuna, waɗanda suka faro tun 1973, masana ke gwada yadda Tafkin Cadi ya janye da yadda yake cika yana raguwa, kuma ɗalibi a Maiduguri ko Njamena yana da ikon ɗibarsu daidai da ɗalibin Amurka.

A ƙasar Denmak an saki rajistar adireshin gidaje kyauta a 2002. Da Gwamnati ta sa aka yi lissafi a 2010, sai aka kimanta amfanin da aka samu daga 2005 zuwa 2009 ya kai Yuro miliyan 62, abin da aka kashe kuwa wajen miliyan 2. A Landan hukumar sufuri ta saki lokutan jiragen ƙasa da motocin haya, masu sana'ar kwamfuta suka ƙera manhajoji fiye da 600 da su, wani bincike na 2017 kuma ya kimanta amfanin zai kai Fam miliyan 130 a shekara.

Fannin ilmi ma ya samu rabonsa. A 2011 Gwamnatin Amurka ta fara raba Dala biliyan 2 ga kwalejojin koyon sana'a, da sharaɗin duk darasin da aka rubuta da kuɗin a sake shi da CC BY. Ƙasar Folan ta soma shirin littattafan makaranta na buɗaɗɗen lasin a 2012. A 2019 ƙasashen da ke cikin UNESCO suka amince da shawarar a ƙarfafa irin wannan. Ga al'ummar da littattafai suka yi ƙaranci cikin harshenta, babu sharaɗin da ya kai izinin fassara daraja.

IYAKOKI DA HAƊURRA

Kada a ɗauka buɗaɗɗen lasin ya halatta kome. Na Ingila ya faɗa a fili cewa bai shafi bayanin rayuwar mutane ba, bai shafi tambarin Sarauta da na ma'aikatu da na soja ba, bai shafi fasfo ba, bai kuma shafi abin da wani ya mallaka wanda ya shigo cikin takardar Gwamnati ba. Ya kuma hana mutum ya nuna kamar Gwamnati ce ta aiko shi ko ta amince da hajarsa. Tsarin Niyu Zilan ya gargaɗi ma'aikatu su yi hattara da ilmin gargajiya na mutanen Mawori, kada a saki abin da masu shi ba su yarda ba.

Haɗari mafi girma shi ne tonon asirin jama'a. A 2016 Ma'aikatar Lafiya ta Ostareliya ta saki bayanin jinyar kashi 10 cikin 100 na mutanen ƙasar, bayan ta ɓoye sunaye. Ba a jima ba masana a Jami'ar Melbon suka nuna ana iya warware lambobin likitoci, daga baya kuma suka nuna ana iya gane waɗansu majinyata. An janye bayanin, amma abin da ya riga ya shiga hannun mutane ba ya komowa. Magana zarar bunu ce.

Sai kuma batun kuɗi. Safiyo da ƙidaya aiki ne mai tsada, in an hana ma'aikata ciniki tilas baitulmali ya cike gurbin, in ba haka ba taswira ta tsufa ba mai sabunta ta. Wani lokaci ma akan koma baya. Da aka sayar da ma'aikatar gidan waya ta Ingila a 2013, rajistar adireshin ƙasar ta tafi tare da ita, wani kwamitin Majalisa kuma ya ce a 2014 wannan kuskure ne.

HALIN DA AKE CIKI A AFIRKA

A watan Yuli na 2011 Shugaba Mwai Kibaki ya buɗe rumbun alƙaluman Gwamnatin Kenya, aka yi ta yabo, amma ba a daɗe ba aka fara kukan ma'aikatu ba su aiko da sababbin alƙaluma. Gana ta soma nata shiri a 2012, Barkina Faso a 2014. A Nijeriya Jihar Edo ta buɗe nata a 2013, Gwamnatin Tarayya kuma ta shiga Ƙawancen Buɗaɗɗiyar Gwamnati a 2016, ƙawancen da ƙasashe 8 suka kafa a 2011.

A nan akwai bambanci wanda ake yawan rikitawa. Dokar 'Yancin Samun Bayani ta Nijeriya ta 2011 ta ba ɗan ƙasa ikon ya nemi takarda a nuna masa. Ikon gani dabam, ikon bugawa da fassarawa da sayarwa dabam. Dokar haƙƙin mallaka ta 2022, wadda aka sa wa hannu a 2023, ta tabbatar wa Gwamnati mallakar abin da aka wallafa bisa umarninta. Saboda haka takardar hukuma da aka sa a intanet ba tare da an ambaci lasin ba, tana nan ƙarƙashin waccan tsohuwar ƙa'ida, watau shiru ba izini ba ne.

ABIN DA YA KAMATA MAI AMFANI YA KIYAYE

1. Ya duba ƙarshen takarda ko gindin shafi, ya ga wane lasin aka ambata.
2. Ya rubuta sunan ma'aikatar da ta wallafa, da sunan lasin, da inda ya samo.
3. In ya fassara ko ya taƙaita, ya faɗa, don kada a jingina wa hukuma kuskuren da ba nata ba.
4. Ya lura da hotuna da taswirorin da aka ce na wani ne, gama lasin bai rufe su ba.
5. Kada ya ɗauki tambarin hukuma ya manna a kan nasa aiki.
6. In bai ga lasin ba, ya rubuta wa ma'aikatar ya nemi izini a rubuce.

Ga ma'aikacin Gwamnati kuwa, aikin bai fi layi biyu a gindin takarda ba, bayan an tabbata babu asirin kowa a ciki kuma babu haƙƙin wani. Waɗannan layuka biyu su ne ke ba malami halin ya buga, mai fassara ya juya zuwa harshen mutanensa, ɗan jarida ya auna alkawari da abin da aka aikata, ba tare da ɗayansu ya ji tsoron sammaci ba. Ƙasashen da aka ambata a sama sun gwada sun gani, takardar da aka rubuta da kuɗin jama'a ta fi amfani a hannunsu bisa ga zamanta a cikin akwatin ofis.